Gurbin Dogo a Ɗakin Feshi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna da sauran iyali? Ni lafiya lau. Tarin nan ma ya zame min abokin hira.

Har yanzu ina fesa wa salansar mota fentin nan da wuta ba ta ci. Ƙarfe ya yi ja zur, fentin ko gezau. Duk karance-karancena ban ga inda aka yi wa huhun mutum irinsa ba.

Ka ce in nema wa ɗanka gurbi. To, an samu. Dogo, abokin aikina, ya yanke jiki ya faɗi, ya dafa salansar da aka wanke. Gumin hannu kan sa fenti ya ɓare, don haka maigida ya tsallake shi ya ɗaga ƙarfen yana dubawa. "Ku ja shi gefe, ya ɓata min aiki," in ji shi. Dogo na asibiti, maigida na neman wani mai jini a jika.

Na ce wa maigidan ba mu da kowa. Ka gaya wa yaron baƙin ciki nake masa. Gara ya zage ni da cikakken numfashi.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninka.