Albasar Mai Digiri

Daren Laraba, Goronyo

Yau munka buɗe albasar ƙanena Bello. Tun da ya fara digiri na biyu kan kasuwancin intanet, ofis ranakun aiki, karatu a Sakkwato ƙarshen mako, ba mu da sauran wayo a idonshi. Wai buhunmu ƙauyanci ne, ba ya kyau a hoto. Ya ɗura albasar da munka noma bakin dam cikin leda mai sunanshi, ya liƙe bakin ledar. Na ce mashi albasa iska take so. Ya ce, "Yaya, mi kas sani game da kasuwar zamani?"

Kwana biyar, duk ta ruɓe, wari har masallaci. Na miƙa mashi wayarshi, na ce, "Malam, ɗauki hoto, masu saye na jira."