Alwalar Inna

Yaya Balkisu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya Alhaji? Mu nan Bungudu lafiya lau.

Kwantar da hankalinki, Inna ta miƙe. Ashe ta daɗe da zafin fitsari tana ɓoyewa, sai da zazzaɓi ya kayar da ita muka kai ta asibiti Gusau. Gwaji ya nuna ciwon mafitsara ne. Kin san halinta, ba ta shan ruwa, tana matse fitsari don alwalar asuba ta kai azahar. Likita ta hana ta, ta ce kuma ta shanye maganin duka.

Jiya sai ga Inna tana cewa, "Jamila, cika mani buta, ai kowace alwala da ladanta."

A sa mu a addu'a. Gaida yara.

Ƙanwarki,
Jamila