Gaɓa Uku a Bakin Baba

Takur, Dutse.

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mu nan sai godiyar Allah.

Albishirinka, Baba ya yi magana ranar Talata.

Tun da ciwon shanyewar jikin nan ya riƙe masa harshe, likita ta ce mu riƙa rarraba masa kalmomi gaɓa-gaɓa yana maimaitawa. Kullum ina ta "ru-wa", "tu-wo", shi kuwa sai ya kau da kai. Ashe haushi yake ji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna ƙasa kafin a haƙa rijiya, shi ake koya wa tuwo.

Ranar sai na ɗauko tsohon littafinsa na aiki, na ci karo da sunan marmara da Turanci, wato jan dutsen nan da ake tararwa in ana haƙa rijiya. Na karanta yadda bakina ya ba ni: "La-ta-ra-yit."

Ya girgiza kai, ya ɗaga yatsu uku. Ya daɗe yana fama da leɓensa, sannan ya ce, "La-ta-rait. Uku ne, Hadiza."

Inna ta saki tsintsiya, ta zauna a ƙasa tana kuka.

Abin ya tsaya mini a rai, Yaya. Wata biyu muna lallaɓa shi kamar yaro, alhali saninsa yana nan daram.

A ci gaba da sa shi a addu'a, ka kuma gaishe mini da kowa. In ka kira shi a waya, don Allah kada ka ƙarasa masa kalma. Ka jira shi, zai kai ƙarshenta da kansa.

Ƙanwarka,
Hadiza