Hayaƙin Jirgin Baba

Chama, 6 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina, Eusebio Trujillo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafafun? Ƙanwata Delfina ta ce yanzu daga gado sai kujera, kuma hirarka ba ta wuce kan jirgin ƙasan da ka shekara talatin kana zuba masa kwal.

Baba, shekara goma sha tara ke nan rabona da gida, tun ranar da ka ce direban tirela ba ma'aikaci ba ne. Yau tireloli goma sha ɗaya ke yawo da sunana a Denver, ba wanda ya ba ni ko taya. Ba gori nake yi ba, so nake ka sani.

Jiya na shiga jirgin naka a nan tashar Chama, yanzu 'yan yawon buɗe ido yake ɗauka. Ranar masu hoto ce. A kan dutse aka sauke mu, muka jeru, aka hana kowa ko tari. Jirgin ya ja da baya, sannan ya taho a guje, hayaƙi baƙi ƙirin ya rufe sama. Da ya yi kuka sai na ga kaina ina yaro a bakin tasha, riƙe da kwanon abincinka. Nan take na ɗauki hotonsa. Ga shi nan na sa a gilashi.

Ɗanka,
Orval

Chama, 15 ga Oktoba

Baba,

Ina sake gaishe ka, da fatan jiki da sauƙi. Hoton ya dawo mini. Delfina ta rubuta abin da ka ce a bayansa, ba ta rage ko kalma ba: wai wane sakarai ne ke ƙona kwal haka, kuma wane sakarai ne ya tsaya yana ɗaukarsa.

Na yi fushi kwana biyu. Daga baya na tuna kai ka koya mini cewa baƙin hayaƙi abin kunya ne ga mai shebur, gwani hayaƙinsa siriri ne, da kyar ake ganinsa. Na sani, Baba. Ɗoki ne ya mantar da ni.

Na koma tasha na nemi mai zuba kwal ɗin. Mace ce, Marisol. Ta yi ta dariya, ta ce wancan hayaƙin na masu kyamara ne, da gangan take antaya kwal don su ji daɗi. Da na faɗi sunanka sai ta daina dariyar. Ta ce har yau sabon shiga in ya ɓata wuta, ce masa ake yi da Eusebio na nan da ka sha shebur a ƙeya.

Na sake ɗaukar hoto a ranar aiki, hayaƙin fes. Amma hoton bai yi kyau ba, kamar jirgin a tsaye yake. Ba zan aiko ba.

Ranar Lahadi ce tafiyar ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Marisol ta ce za ta riƙe wutar yadda kake so, in ka zo ka duba. Na kama mana kujeru biyu a taragon farko. Ƙafafun kuma kada su dame ka, zan goya ka.

Asabar da hantsi zan tsaya a ƙofar gida. Ba zan shigo ba sai ka ce in shigo.

Ɗanka mai kewarka,
Orval