Babbar Rigar Fode

Alabama,
9 ga Mayu, 1961

Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Ki gaishe mini da Inna Lurleen da duk mutanen cocinku na Detroit.

Ɗanki Cleophus ya yi aboki a kwaleji, wani Fode, mutumin Gini, ƙasar da ta sallami Faransawa shekara uku da suka wuce. Babbar riga da hula yake sawa. Abin dariya abin haushi, gidan abincin tashar mota da mu baƙaƙen fata sai ta taga ake miƙo mana, shi ya shiga har aka ja masa kujera, wai baƙo ne daga ƙetare. Alhali ya fi Cleophus baƙi nesa ba kusa ba! Cleophus ya ce masa, "Kai ɗan nema, ara mini rigar nan mana, ni ma in sha kofi a zaune." Fode ya ce ya rantse ba zai ƙara ci a can ba sai tare da mu.

Ranar Asabar su goma sha biyu za su je gidan abincin su zauna a kujerun da aka keɓe wa fararen fata, har a ba su abinci. Na yi faɗa har na gaji, kin san taurin kan ɗanki. Tsoro nake ji, Mama.

'Yarki,
Earline

15 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki. Ubangiji ya ba mu haƙuri. Na san waya ta riga ta iso miki, amma sauran maganar daga gare ni ya kamata ki ji.

Da tsakar rana suka zauna. Ina tsallaken titi na ga fararen fata sun sauko daga motoci da bututun ƙarfe da sarƙar keke, 'yan sanda biyu suna tsaye suna shan taba. Masu ƙarfen suka jawo Cleophus ta wuyan riga har bakin titi. Bai ɗaga hannu ba, haka aka koya musu. Wani ya sauke masa ƙarfe a ƙeya, na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi suna ta tattaka shi, haƙoransa biyu da hannuna na tsince su.

Asibitin da ke karɓarmu yana da nisan mil arba'in, na fararen kuwa ga shi nan a bayan kasuwa. A cikin mota Fode, shi ma jini a fuska, ya tuɓe rigarsa da hularsa ya sanya wa Cleophus. Ya ce, "Earline, ki ja bakinki ki yi shiru, yau ɗan jakada ne." Da muka isa ya dinga zazzaga musu Faransanci, yana cewa sai duniya ta ji idan baƙon gwamnati ya mutu a ƙofarsu. Suka rikice, suka kawo gado mai taya, aka tafi kiran likita.

Sai Cleophus ya farfaɗo. Wata ma'aikaciyar jinya ta duƙa ta tambaye shi ko yana jin ta. Ya sunkuyar da ido ƙasa, da harshenmu na nan garin, ya ce, "Ina ji, ranki ya daɗe."

Ta miƙe tsaye ta ce, "Wannan ai namu ne na nan." Suka turo gadon waje, muka kama hanyar asibitin nan mai nisa. A mil na ashirin da shida ya cika, kansa a cinyata.

Mama, kwana biyu na yi ina fushi da ke, don ke kika dinga dukansa don ya koyi wannan gaisuwar tun yana ɗan shekara huɗu, kina cewa ita za ta raya shi. Sai yau na tuna. Da matar nan ta biyo mu bakin ƙofa ta miƙo mini takalmin Cleophus, ni ma na sunkuyar da kai na ce mata, "Na gode, ranki ya daɗe."

Fode ya ce a binne shi da rigar. Na wanke ta sau uku, jinin bai fita duka ba. Jana'iza ranar Juma'a ce. Ki zo, don Allah.

'Yarki,
Earline