Motar Ɗanki da Cukun da Na Saya Sau Uku

Zuwa ga Yaya Hadiza, a Matamaye.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ke da duk masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba. Tsofaffi biyu a gida ɗaya a Arlit. Kowacce sai ta yi tari kafin ta tashi, kowacce ƙafa ta gaza mata, kowacce an yi yayinta a da. Ɗaya kullum tana wurin masu magani, ta cinye gida, amma har yau ba ta ga Agadas ba. Ɗayar kunu da goro sun ishe ta, kuma ita za ta riga isa Matamaye. Su wa ke nan? Ki riƙe tukuna, ban da halin nan naki na amsawa tun ba a gama tambaya ba.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk mutanen gida. Ya jiki, ya idon?

Saƙonki ya iso ta bakin Hajiya mai kawo mana yaji da daddawa. Ta ce kin ce in zo tun kina iya bambanta fuskata da ta maƙwabta, don hazon idon yana ƙaruwa. Ta ce kin kuma ce ni maƙaryaciya ce: na ce ƙaramar Sallah, na ce babbar Sallah, na ce bayan kaka. Na karɓi zagin, Yaya, amma ki raba shi biyu, rabi nawa, rabi na ɗanki.

Wannan na farin nake nufi, wanda ba na kama sunansa. Na karanta masa wasiƙar nan kafin matarsa Rabi ta sa ta a waya, ya ce ya yarda in dai ban ambaci sunansa ba. Ni da tun ranar da na haife shi ban ambata ba, yau zan fara?

Kin san tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan ya rasa aikinsa. Shekara da shekaru yana shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi, rana ɗaya aka sallame su. Ya gwada kanti, bai yi ba. Ya gwada kiwon kaji, zafi ya raba su da shi. Bara sai ya ce abin da ya rage zai sayi mota ta hannu, ya riƙa jigilar kaya da mutane zuwa Agadas, amma tafiyar fari tawa ce. Ga abin da ya ce: "Inna, ni zan sauke ki ƙofar Iya Hadiza da kaina."

Yanzu sai kin yi haƙuri in gaya miki ciwon mutanen garin nan, in ba haka ba za ki ce ɗanki wawa ne. Mu nan, a idonmu abin kamfani ba ya lalacewa. A site, gidajen ma'aikata, muka haifi yaran nan. Famfo ya tsiyaya, a rubuta takarda a zo a gyara. Ƙwan lantarki ya mutu, takarda. Motocin kamfani kuwa farare ne tas, da ƙatuwar lamba a ƙofa, da doguwar sanda mai jan ƙyalle a baya don manyan motocin ma'adini su hango su. Babansu, Allah ya ji ƙansa, a kansu ya ƙare ƙuruciyarsa. Yakan ce motar kamfani ko ba ta yi ƙorafi ba, in ranarta ta zo sai an kai ta garaji an duba. Da wannan maganar ɗanki ya girma.

To, dillali ya nuna masa wata katkat fara, irin motar nan mai shiga yashi. Ga lamba a ƙofa, ga sanda, ga jan ƙyalle. Bai leƙa ƙarƙashinta ba. Bai kira Agali ba, tsohon direban nan Ba'azbine abokin babansu, wanda gidansa ko jifa ba ta kai ba daga namu. Ya ga fari, ya ga lamba, ya ga ƙyalle, ya tuna ubansa, ya biya.

Kada ki ce ni na fi shi hankali. Ranar da ya shigo da ita na rangaɗa guɗa har sai da maƙogwarona ya dishe. Na raba dabino sadaka. Na shiga gaba na kame, na sa ya zagaya da ni kasuwa sau biyu don matan layinmu su gani.

Tsintsiya ce ta fara tona mata asiri. A wurin dillali kan yashi take tsaye, in ta ɗiga wani ya shafe da ƙafa. Gidanmu kuwa akwai daɓen siminti. Na fito shara da safe, sai ga baƙin ɗigo uku inda ta kwana. Na ce masa amaryarsa tana fitsarin kwance. Ya ce gumi ne, zafin gari ne. Yaya, ke kin taɓa ganin ƙarfe yana gumi baƙi?

Bayan ƙaramar Sallah muka yi shirin fari. Na saya miki cuku mai kyau, na saya miki dabino da busasshen tumatir na lambunan Ayar. Na yi sallama da maƙwabta, har da 'yar ƙwallata. Muna isa shingen jandarmomi na bakin gari ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Jandarmomin da suka tsayar da mu don duba takardu su suka taya mu turi, amma zuwa cikin gari. Kafin azahar ina ɗakina, matan da na yi wa sallama suna shigowa yi mini sannu da zuwa. Cukunki makanikai suka haɗa da shayi, don kwana huɗu ɗanki ya yi a garajinsu kuma kunya ta hana shi zama hannu rabbana.

Daga nan muka shiga makarantar da ba mu yi rajista ba. Kowane makaniki da sunan cutar da yake ba ta. Wannan ya ce famfon man gazuwal ne, a canja. Wancan ya ce wa ya taɓa famfo, ai wayoyi ne. Kayan gyara sai an aika Agadas, a yi mako ana jira, ya zo, a ga ba nata ba ne, na ƙanwarta ne. Ragowar kejin kaji ya tafi. Firigon da Rabi ke sayar da ƙanƙara da shi ya tafi, kuma ta yi shiru, Allah ya yi mata albarka, ni na yi mata surutun. Ɗanki bai ma san ana canja man inji ba sai da ya koma kamar kunun kanwa, don shi a saninsa akwai wanda ke tuna ranar. Babu inda za a kai takarda yanzu, Yaya. Ofishin da ake kaiwa an kulle shi.

Bayan babbar Sallah aka ce ta warke sarai. Na sake sayen cuku. Wannan karon ban yi sallama da kowa ba, na fita kamar mai zuwa barka. Kin san hanyar nan, kwalta ce da ta gaji da zama kwalta. Muka yi ta faɗawa rami muna fita har muka kusa Anu Araren, sai hayaƙi fari ya turnuƙe gaba. Muka ɗura mata ruwan shanmu, ta shanye. Ruwan butata ma ta shanye. Tun hantsi har la'asar ina ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya da inuwarta ba ta kai faifai ba. Wata babbar mota da ta ɗauko albasa ta ja mu. Na shigo Arlit a ɗaure da igiya kamar akuyar da aka fasa sayarwa. Cukun na biyu mutanen albasa suka ci, kuma sun cancanta.

A nan ne na aika aka kira Agali, ban shawarci kowa ba. Tsohon ya zo, ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe har na fara tunanin barci ya yi. Da ya fito ya nemi shayi, sai da ya sha kofi na uku ya buɗe baki. Ya ce: "Wannan mota na san shi. Ya gaji."

Ashe ta kamfani ce, amma tun zamanin da haƙorana ke cike. An sayar da ita tuni, ta yi shekaru tana jigilar gangunan ruwa zuwa Cibarakaten, wurin masu haƙar zinariya, cikin duwatsu da yashi. Bayanta ya karye sau biyu an ɗinke da wuta, ya nuna mana wurin. Ya sa makulli ya kankare gefen ƙofa, sai ga shuɗin fenti a ƙarƙashin farin. Lambar ma sabon rubutu ce. Jan ƙyallen kuwa ni na sa hannu na taɓa, irin yadin da ake yi wa jarirai hula ne, ko wanki bai taɓa gani ba. Dillalin ya san mu, Yaya. Ya san abin da za a nuna wa ɗan site ya manta da hankalinsa. An ce shi ma ya tafi neman zinariya, Allah ya haɗa shi da mota irin wadda ya sayar.

Na zaci washegari ɗanki zai kira masu sayen tsohon ƙarfe. Da na fito shara sai na tarar da shi da bokiti da tsumma yana wanke ta, yana bin ƙofa da madubi a hankali, sak yadda babansu ke yi. Na koma ɗaki da tsintsiyata.

Abin da ya riƙe ni ke nan, in kina son gaskiya. Motar fasinja, wato kar, tana tashi daga garin nan, ba yau aka fara ba, kuma ban manta hanyar tasha ba. Amma tun da aka rufe rami, motar nan kaɗai ke tayar da shi da safe. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi zancen kar, sai ya riga ni: "Inna, ki ƙara mini mako biyu." Na ƙara, na ƙara, ina kare fuskarsa, idonki kuwa ba ya jiran mako biyun kowa.

Da Hajiya ta kawo saƙonki na yini ban ci abinci ba. Na tuna ranar da aka ɗora ni a babbar mota za a kawo ni arewa, kina riƙe da ƙullin kayana, ke da kika ce kada in yi kuka ke kika fara. Na tuna kina goya ni zuwa rijiya kina mintsinina in na ja miki kitso. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, Yaya. Ba zan bari fenti ya raba mu ba.

Na sayi cuku na uku, na kulle shi a akwati, makullin yana wuyana. Na je tasha da ƙafata na yanki tikitin ranar Alhamis. Sannan na kira ɗanki na ce masa alkawari ya yi zai ɗauke ni a motarsa, to ya ɗauke ni, ya kai ni tasha, sauran hanyar na yafe masa. Ya sunkuyar da kai, can ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun yana aiki. Kwana biyu ke nan shi da Agali suna ƙarƙashinta, hannunsa ya yi baƙi, ya fara sanin sunan kowane ƙarfe. Rabi ta gaya wa maƙwabta su karya kumallo da wuri, ko za a buƙaci turi.

Ki sa a share mini ɗaki, a jiƙa gero. In na iso na tarar hazon ya riga ni, ki shafa goshina ta hagu, tabon ludayin da kika kwaɗa mini yana nan, da shi za ki san ba maƙwabciya ba ce.

Allah ya buɗe idonki, ya ƙara miki kwana mai albarka. Allah ya ji ƙan iyayenmu da babansu. Allah ya ba ɗanki abin yi da ya fi wannan, ya shiryi dillalai in suna shiryuwa, ya kai ni ya nuna mini ke.

Taki har kullum, ƙanwarki mai bakin da kika kasa gyarawa,
Zuwaira, daga Arlit.

Amsar kuwa: ta farko motar ɗanki ce, ta biyu ni ce, kuma ranar Alhamis zan taso.