Igiyar Rijiyar Dabo

Daga Maccido ɗan Idi a Birnin Ƙonni, zuwa ga Gwaggo Tasalla a Illela. Gaisuwa da ban girma, da tambayar ƙafarki.

Bayan haka, Allah ya sauki matata Ummu lafiya jiya Talata, namiji. Na ce a mayar masa da sunan kakanmu Ibrahim Dabo. Ina faɗa, Baba ya ture ƙwaryar fura, ya shige ɗaki. Yau ko gonarsa bai leƙa ba. Gwaggo, ni na rasa wurin zama. Shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa jin ya ambaci mahaifinsa ba, bai kuma taɓa taka Illela ba, ga ta nan kusa. Mi ya faru? Ki ba mai kawo takarda amsa yau, suna saura kwana shida. Wassalam.

Daga Tasalla, ta hannun Malam Lawwali, zuwa ga ɗana Maccido. Barka da arziki, Allah ya raya.

Kakanka mutumin Gidan Katta ne, haƙar rijiya sana'arsa. Gajere, baƙi, mai dariya. Yakan ɗanɗana ƙasa ya ce a nan ruwa yake, kuma a same shi. Ya zo Amarawa yin rijiya, ya ga kakarka Hindatu tana kai wa ma'aikata abinci. Rijiyar wata guda sai da ta ci wata uku. Ya aure ta suka zauna Illela, suka haife ni, sai Idi, sai Ruƙayyatu da ƙyanda ta ɗauka.

Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, kana goye, kakanka yana gyaran rijiyar bakin kasuwa, ubanka na riƙe da igiya. Wani ya hango ƙura ya yi ihu, “Ga Nasara nan!” Kasuwa ta watse. Ashe shanun Fulani ne. Da aka dawo, Babanmu na ƙasan rijiya, rai ya yi halinsa. Mutane suka ce Idi ya saki igiya ya gudu. Bayan sadakar uku ya kwashe ku ya yi arewa. Daga baya aka kafa iyaka tsakaninmu. Iyakar abin da zan ce ke nan. Ka zaɓi wani suna. Ka gaida mai jego.

Daga Maccido zuwa ga Gwaggo. Gaisuwa.

Na karanta wa Baba takardarki. Ya ce, “Ban gudu ba. Waiwaye na yi, sai na ji hannuna ba nauyi.” Ya buɗe mini tafin hannunsa, ya ce yau shekara ashirin yana tambayar hannun nan. Ya ce ba zai iya kiran jikansa da sunan wanda ya kashe ba. Ba ya cin abinci, sai kai da komo tsakanin zaure da garke. Gwaggo, ya ce ke kika naɗe igiyar ranar. Kin ce iyakar abin da za ki ce, ba ki ce iyakar abin da kika sani ba. Don Allah. Saura kwana uku.

Daga Tasalla zuwa ga ƙanena Idi. Maccido, ka karanta masa, kada ka tsallake komi. Sallama da gaisuwa.

Idi, sau biyu ina sa Malam ya ajiye alƙalami. Ba ka saki igiya ba. Tsinkewa ta yi. Da damina Baba ya ce in rataye ta a rumbu, na bar ta ƙasa bayan ɗaki, gara ta ci. Ranar da ya nema na ga wurin da ta ci, na murza shi ciki don kada a yi mini faɗa. Na ce aikin yini ɗaya ne, za ta kai. Da aka fiddo shi, kowa na kuka, na kwance guntun da ke ƙugunsa, na haɗa da naka da ka yar bakin rijiya, na cusa a murhu. Ina ji ana zaginka a gidan makoki, na rufe fuska da zane.

Inna ta rasu tana kiran sunanka, ban faɗa mata ba. Ban ce ka yafe mini ba. Ka ci abinci dai. Ka bar yaro ya ɗauki sunan, hannunka ba jini. Ni ce ’yar’uwarka, in har yanzu kana so.

Daga Idi zuwa ga Tasalla, da hannun Maccido. Sallama.

An raɗa suna, Ibrahim. Ni na faɗa wa liman da bakina. Ranar Lahadi zan ƙetaro, ki sa a nuna mini kushewar Inna. Ko zan shigo gidanki, ban sani ba tukuna. Na dai aiko miki da cinyar ragon. Wassalam.